Yaya ikkilisiya za ta taimaki 'yan gudun hijirar da suka yanke shawarar zama a Jos?

Sakataren kwamitin jinƙai, Bukuru

Salama a gare ku, iyaye da 'yan'uwa. Ni ne sakataren kwamitin jinƙai na wata majami'a a yankin Bukuru, kuma dattawan ikkilisiyarmu ne suka ɗora mini nauyin neman shawara daga waɗanda suka riga mu shiga irin wannan aiki. Tun rikicin da ya ɓarke a ƙaramar hukumar Mangu a 2023, da hare-haren da aka kai wa ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi a jajibirin Kirsimeti na shekarar, iyalai suka riƙa isowa wurinmu, wasu da ɗan ƙullin kaya, wasu da tufafin jikinsu kawai. Mun buɗe musu azuzuwan makarantar Lahadi, Zumuntar Mata ta ɗauki nauyin girki, aka kuma sa baiko na musamman wanda da shi muka sayi masara da barguna da tabarmi.

Daga baya wasu sun koma gida, wasu sun wuce wurin dangi, amma akwai waɗanda suka faɗa mana ƙarara cewa ba su da ranar komawa, domin an ƙone gidajensu, gonakinsu kuma ba sa shiguwa sai da fargaba. Yawancinsu gwauraye ne da yara, sai 'yan magidanta waɗanda duk rayuwarsu noman dankali da masara suka sani. Yanzu baikon yana raguwa, makarantar Lahadi tana bukatar azuzuwanta, kuma wasu membobinmu sun fara gunaguni cewa su ma da ƙyar suke cin abinci sau biyu a yini, amma ba wanda ya taɓa sa musu baiko.

Abin da muke so mu sani shi ne yadda ikkilisiyar da ba ta da wani ƙarfi za ta tashi daga ciyar da mutane zuwa taimaka musu su zauna da ƙafafunsu a cikin gari. Shin mu kama musu haya ne, ko mu nema musu fili? Da me ya kamata a fara idan kuɗin bai isa a yi komai da komai ba? Akwai kuma iyalai biyu a cikinsu waɗanda ba 'yan ɗarikarmu ba ne, kuma an sami saɓani a majalisar dattawa game da ko su ma za su shiga lissafin.

Rabaran mai ritaya, Dadin Kowa

Ɗana sakatare, Allah ya yi maka albarka da ka kawo maganar fili. Zan fara da gunagunin da ka ambata, domin shi ne zai rushe aikin idan ba a kula da shi ba, tun kafin rashin kuɗi ya rushe shi. Wannan gunaguni ba sabo ba ne a ikkilisiya. A sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni an yi ƙorafi cewa ana tsallake gwaurayen wani ɓangare wajen rabon abinci na kullum, kuma manzannin ba su tsawata wa masu ƙorafin ba, sai suka sa aka zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida aka danƙa musu aikin. Ku ma ku yi haka. Ku fitar da rabon daga hannun fasto da ma'aji, ku kafa kwamiti wanda a cikinsa akwai baƙin da kansu, mace da namiji, waɗanda su ne suka zaɓe su, akwai kuma wakilin talakawan unguwa. Duk abin da ya shigo, kuɗi ne ko hatsi, a rubuta, a karanta a gaban jama'a bayan sujada. Sa'an nan ku keɓe wani kaso na kowane taimako domin gwauraye da marayun da kuka tarar a ikkilisiyar tun asali, ku kuma sanar da haka a sarari. Mutumin da ya ga an tuna da shi ba ya ƙyashin abin da aka ba baƙo.

Game da abin da za a fara da shi, ni a ganina ɗaki ne. Iyalin da ke kwana a aji tare da wasu iyalai ba su da sirri, ba su da wurin ajiye ko da mudun wake, kuma uwa ba ta iya fita neman abinci ta bar 'yan matanta a wurin da kowa ke shiga yana fita. Amma kada ku yi gaggawar biyan haya ta hannun dillali, domin a Jos kuɗin shekara ake nema gaba ɗaya, ga kuma la'adar dillalin, kuma idan shekarar ta cika iyalin ba su da abin biya, kun koma inda kuka fito. Ku fara da cikin gida. A kowace majami'a akwai membobin da ke da ɗakin da ba kowa, ko ginin da ya tsaya a rufi, ko gidan da 'ya'ya suka watse suka bar tsofaffi su kaɗai. Ikkilisiya tana iya sayen kwanon rufi da ƙofa ta ƙarasa irin wannan gini, a madadin haka mai gidan ya bar iyali su zauna shekara biyu ko uku ba haya. Ko da mai gidan dattijon ikkilisiya ne, a rubuta yarjejeniyar, mai unguwa ya sa hannu a matsayin shaida, domin mai gida yana iya rasuwa magada su zo da wata magana.

Maganar iyalai biyun nan kuwa, ban ga abin saɓani a ciki ba. Wanda ya kwana a ƙarƙashin rufinku baƙonku ne. Ku duba abin da Bishop Stephen Dami Mamza na Katolika ya yi a Yola: a 2014 ya buɗe harabar majami'ar Santa Tereza ga dubban mutanen da suka gudo daga arewacin Adamawa, kuma da ya gina wa waɗanda suka kasa komawa gidaje 86 a Sangere-Marghi, waɗanda aka buɗe a 2021, ya haɗa da makaranta da majami'a da masallaci, saboda akwai Musulmi a cikinsu. Idan har an yi wa wanda ba addininku ɗaya ba haka, ina ga wanda bambancinku da shi sunan ɗarika ne kawai? Kuma ina roƙonku, kada a ce sai wanda ya shiga ajin baftisma ko ya sauya ɗarika zai sami buhu. Mai jin yunwa zai amsa da baki, amma ba ku sami kowa ba, kun dai koya masa ƙarya.

Ɗan Michika, Jos

Baba, na gode da wannan bayani. Ni ina cikin waɗanda aka taimaka wa, don haka zan yi magana daga wancan gefen. Boko Haram ta kama Gwoza a watan Agusta na 2014, ta shiga Michika a Satumba, a ƙarshen Oktoba kuma ta kama Mubi da hedikwatar ikkilisiyarmu ta EYN da ke Kwarhi, har shugabanninmu suka dawo da ofis Jos na wani lokaci. Da yawa daga cikinmu mun biyo su nan, wasu sun nufi Abuja suka zauna a Durumi da Kuchingoro da Wassa, wasu sun tsallaka Kamaru zuwa sansanin Minawao. Mutanen Jos sun yi mana alheri wanda ba za mu iya biya ba, amma tun da gyara ake nema zan faɗi abin da ya yi amfani da abin da bai yi ba.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne a kira mu gaban majami'a ranar Lahadi, a jera mu, a miƙa mana kaya ana ɗaukar hoto. Akwai magidantan da a garinsu su ne suke ciyar da mutane, suna da rumbuna da shanu, kuma na san waɗanda suka gwammace su kwana da yunwa da su tsaya a wannan layin. Idan za ku ba da abu, ku kai shi ɗakin mutum, ko ku kira shi ofis shi kaɗai. Hotunan yara kuma kada a sa su a Facebook da sunan neman taimako, sai da yardar iyayensu, domin yaran za su girma hotunan suna nan.

Abin da ya ɗaga mu kuwa shi ne gona da jari. Ɗan'uwa sakatare ya ce mutanensa manoman dankali ne, wato suna da sana'ar da ƙasar Filato take bukata, ba sai an koya musu komai ba. Abin da suka rasa shi ne ƙasa da iri da taki. Ku nemi membobin da ke da gonaki a wajen gari, ta wajen Vom ko Kuru ko Zawan, su ba da aro na damina biyu ko uku, a auna iyaka a gaban shaidu, a kuma amince tun farko a kan abin da mai gona zai samu idan an yi girbi. Damina ɗaya ba ta isa ba, domin wanda ya zuba taki a gona ya gyara ta, sa'an nan aka karɓe ta a shekara ta biyu, an yi masa asara ne da sunan taimako. Taimakon iri da taki kuma yana da lokaci. A nan ruwa yana sauka ne wajen Afrilu, don haka abin da ya zo a Yuli ya makara, komai yawansa. Wanda ya sami fadama kuma yana iya yin noman rani na kabeji da karas da tumatir, kasuwar Farin Gada tana nan tana jiran kaya.

Game da koyar da sana'a, ku yi hankali. An tara matanmu an koya musu haɗa sabulun ruwa da man shafawa, aka ba su takardar shaida, amma duk unguwar abu ɗaya aka koya wa kowa, ba mai saye. Da an tambaye su, da an ji cewa wata ta iya ƙosai da kunu, wata ta iya kitso, wata tana sayar da hatsi tun tana budurwa, abin da take bukata kawai shi ne kuɗin buhu ɗaya da wurin zama a kasuwar Kugiya. Ƙaramin jari a sana'ar da mutum ya riga ya sani ya fi babban horo a sana'ar da bai taɓa yi ba. Matanmu da suka kafa adashi tsakaninsu, suna zubi kowane mako, suna ba juna rance, su ne suka fara biyan hayarsu da kansu. Ku kuma sa ido a kan samari, domin idan ba su da abin yi ramukan haƙar kuza ne za su ja su, kuma kowa a Bukuru ya san yadda ramukan nan suke rufta wa mutane.

Abu na ƙarshe, ku ba su aiki a cikin ikkilisiya. Mai bishara ya yi wa'azi, mai waƙa ta shiga ƙungiyar mawaƙa, a bar su su yi addu'a da waƙa da harshensu wani lokaci. Ranar da aka sa ni karanta nassi a sujadar Hausa na daina jin cewa ni kaya ne da aka ajiye a harabar majami'a.

Ɗan ƙasa daga Bokkos

Ina girmama iyayena da suka yi magana, amma ban yarda da inda maganar ta dosa ba. Duk iyalin da kuka kama wa ɗaki a Bukuru, kuka nema musu gona a Vom, kun rage mutum ɗaya daga cikin masu matsa wa gwamnati ta tsare ƙauyukanmu. Gonakin da aka bari ba sa zama haka nan, wasu ne suke shiga, kuma bayan shekara biyar ko goma idan mai gona ya dawo sai a ce ya kawo takarda, alhali gadon kakanni ba shi da takarda. Halin mutanen Michika dabam ne, domin nisan ya yi yawa, amma daga Bukuru zuwa Mangu ko Bokkos tafiyar safiya ce. Ni a ganina kuɗin da za a kashe a haya gara a sayi kwanon rufi da siminti a sake gina gidajen da aka ƙone, shugabannin ikkilisiyoyin COCIN da ECWA da na tarayyar ikkilisiyoyi ta TEKAN, waɗanda duk hedikwatarsu tana nan Jos, su haɗa murya da ƙungiyar Kiristoci ta ƙasa, wato CAN, su nemi a kafa jami'an tsaro a ƙauyukan. Idan ikkilisiya ta zama mai tsugunar da mutane a birni, to ta sauƙaƙa wa gwamnati aikinta, ta kuma taimaka wajen share ƙauyuka ba da saninta ba.

Rabaran mai ritaya, Dadin Kowa

Ɗana, damuwarka gaskiya ce, kuma ba na raina ta. Sai dai ba ni da ikon ce wa matar da aka kashe mijinta a gabanta ta koma ta kwana a wannan gida domin a riƙe ƙasa, alhali ni ina kwana a Dadin Kowa. Ita ce za ta yanke wannan shawara, a lokacin da ta ga dama. Abubuwa biyun kuma ba sa karo da juna. Magidanta da yawa suna ajiye iyali a gari su riƙa zuwa gona da damina a ƙungiya, kuma wanda yaransa suke makaranta a wuri mai aminci ya fi samun ƙarfin zuciyar komawa ya duba gonarsa. Abin da zan ƙara a kan maganarka shi ne kwamitin ya buɗe littafi ya rubuta sunan kowane iyali, ƙauyensu, gonakinsu, maƙwabtan iyaka da sunan dagacinsu, a ajiye kwafi a ofishin gunduma. Tsofaffin da suka san iyakoki suna mutuwa, kuma wannan littafi yana iya zama shaida wata rana.

Maman Zumunta, ma'aikaciyar jinya

Gaisuwa ga Baba da sauran 'yan'uwa. Maza sun yi maganar ɗaki da gona, ni zan yi maganar abin da muke gani a asibiti da kuma abin da mata suke faɗa mana idan maza ba sa wurin.

Wurin da mutane da yawa suke kwana, abin da ya kamata a fara dubawa shi ne ruwan sha da ban-ɗaki, domin amai da gudawa ba ya jiran a gama taron kwamiti. A raba ban-ɗakin mata da na maza, a sa ƙofa mai sakata daga ciki da fitila, saboda yawancin abin da ke samun 'yan mata a irin waɗannan wurare da dare yake faruwa a hanyar ban-ɗaki. Sanyin Jos kuma ba abin wasa ba ne ga jariri da tsoho da suke kwana a kan siminti daga Disamba zuwa Janairu, don haka katifa da bargo da rigar sanyi magani ne, kuma a kasuwar Katako ana samun gwanjo mai sauƙi idan an saya da yawa. Katin rigakafin yara yawanci ya ƙone tare da gida, sai uwa ta ji kunyar zuwa asibiti ba kati. A raka ta ƙaramin asibitin unguwa, za a buɗe mata sabo, kuma rigakafin yara kyauta ne a asibitocin gwamnati. Haka masu ciki, a tabbata sun fara awo. Masu hawan jini da ciwon sukari da masu shan maganin ƙanjamau su ne suka fi shiga haɗari, domin sun bar maganinsu a baya kuma ba kowa ne zai faɗa a gaban mutane ba. A sami mace ɗaya da namiji ɗaya masu riƙe sirri, in da hali ma'aikatan lafiya daga cikin membobi, su zauna da kowa shi kaɗai. Wanda ciwonsa ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, wato JUTH, da asibitin Jankwano da na Vom, kuma ya kamata kwamiti ya je ofishin hukumar inshorar lafiya ta jihar, wato PLASCHEMA, ya tambayi yadda ake shigar da marasa galihu.

Sai ciwon da ba a gani. Akwai yaron da ya daina magana, akwai wanda ya koma fitsarin kwance, akwai matar da ƙarar tayar mota ko knockout na Kirsimeti ke sa ta faɗi ƙasa tana rawar jiki, akwai magidancin da ya kama shan burkutu da giya tun safe. Ina roƙon fastocinmu da girmamawa, kada a yi saurin cewa rashin bangaskiya ne, kuma kada a fara da wa'azin gafara a mako na farko. Gafara koyarwar Ubangijinmu ce, amma wanda aka tilasta masa furta ta kafin ya gama kuka yakan rufe bakinsa gaba ɗaya. Kada kuma a sa mutum ya riƙa maimaita labarin daren da aka kai musu hari duk lokacin da baƙi masu taimako suka zo. A nan Jos akwai ikkilisiyoyi da ƙungiyoyin da suke horar da mutane kan warkar da raunin zuciya, ku tura mutum biyu ko uku su koyo, wanda kuma ya daina barci ko yake maganar kashe kansa a kai shi wurin likita ba da jinkiri ba.

Abin da ya fi damuna shi ne masu zuwa da mota su ce za su ɗauki yarinya su sa ta makaranta a Abuja ko Legas. Wasu da gaske suke, amma da yawa 'yar aiki suke nema, kuma mun ga yaran da suka dawo da ciki ko da tabon duka, ba su taɓa shiga aji ba. Wani lokaci mai ɗaukar ma memban majami'a ne, shi ya sa uwar take jin nauyin cewa a'a. Ikkilisiya ta kafa doka cewa ba yaron da zai bar hannun uwarsa sai kwamiti ya san mutumin da gidansa da makarantar, ana kuma bibiya, kuma wanda yake son taimakon yarinya da gaske yana iya biyan kuɗin makarantarta tana gaban uwarta. Idan an ga alamar safarar yara, hukumar NAPTIP aikinta ke nan.

Lauya, Rayfield

Ina so in ƙara bayani ta fuskar doka, domin yana shafar ƙofar da za ku ƙwanƙwasa. Mutanen da sakatare yake magana a kansu 'yan ƙasa ne da aka raba da muhallinsu, ba su tsallaka iyaka ba, saboda haka nauyinsu yana kan gwamnatin Nijeriya. Nijeriya ta amince a 2012 da Yarjejeniyar Kampala ta Tarayyar Afirka, wadda aka ƙulla a 2009, kuma yarjejeniyar ta ce wanda aka raba da gidansa yana da zaɓin komawa, ko zama inda ya sami mafaka, ko ƙaura zuwa wani wuri, ba tare da tilas ba. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama a ko'ina cikin ƙasar. Don haka ɗan'uwanmu na Bokkos yana da hujjar neman a tsare ƙauyuka, gwauruwar da ta ce ba za ta koma ba ita ma doka tana bayanta. Idan kuwa wata rana kuka karɓi wanda ya fito daga wata ƙasa, kamar 'yan Kamaru da suka shigo Kuros Riba da Binuwai da Taraba tun 2017, shi sai an yi masa rajista a hukumar kula da 'yan gudun hijira ta ƙasa, wadda take aiki tare da takwararta ta Majalisar Ɗinkin Duniya.

Shawarata ita ce ku rubuta wasiƙa a hukumance zuwa hukumar ba da agajin gaggawa ta jihar Filato da shugaban ƙaramar hukumar Jos ta Kudu, ku haɗa da jerin sunaye, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Mutanen da suke zaune a majami'u da gidajen dangi sau da yawa ba sa cikin lissafin gwamnati, kuma wanda ba ya cikin lissafi ba ya samun komai idan an zo rabo.

Sa'an nan takardu. Wanda ya taɓa yin rajistar NIN lambarsa ba ta ƙone ba, ana iya sake fitar masa da ita, kada ya yi sabuwar rajista domin yin biyu laifi ne kuma yana jawo matsala. Takardar haihuwa daga hukumar ƙidaya ake samunta. Wannan yana da muhimmanci ga ɗalibai, domin yanzu ba a rajistar JAMB sai da NIN. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ne, saboda haka rashin takardar canjin makaranta bai kamata ya sa yaro ya zauna a gida ba. Idan dattijo ɗaya ya raka iyaye wurin shugaban makaranta da wasiƙar ikkilisiya, yawanci ana gwada yaron a sa shi ajin da ya dace. Abin da ke hana yara zuwa a zahiri shi ne kayan makaranta da littattafai da ƙananan kuɗaɗen da ake karɓa, kuma wannan abu ne da ƙungiyar matasa za ta iya ɗauka.

Malam daga Anguwan Doki

Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, maƙwabcinku a Bukuru, kuma ina neman izinin Baba Rabaran in sa baki. A rikicin Mangu akwai Musulmin da su ma aka ƙone musu gidaje suka gudu, wasu suna nan cikin gari a hannun dangi da masallatai, kuma matsalolin da kuka lissafa, daga haya har makaranta, su ne namu. Kun san labarin Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, wanda a watan Yuni na 2018 ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, har gwamnatin Amurka ta karrama shi a 2019. Akwai kuma Gurku a jihar Nasarawa, kusa da Abuja, inda aka tsugunar da Kiristoci da Musulmi 'yan gudun hijirar arewa maso gabas a wuri ɗaya. Na kawo waɗannan ne domin in ce idan za ku kai iyali wata unguwa, ku fara gabatar da su ga mai unguwa da limamin wurin da shugaban matasa. Jos gari ne da tun 2001 baƙuwar fuska take tayar da jita-jita, kuma gabatarwar da ba ta wuce rabin awa ba tana kashe maganar da za ta iya zama fitina. Idan kuma za ku rubuta wa hukuma wasiƙar da lauya ya ambata, kwamitin masallacinmu yana da nasa jerin sunayen, kuma wasiƙar da fasto da liman suka sa wa hannu tare ta fi wuyar a jefa ta a aljihun tebur.

Sakataren kwamitin jinƙai, Bukuru

Na gode wa Baba da Mama da dukan waɗanda suka ba da lokacinsu. Zan kai wa dattawa waɗannan shawarwari a zamansu mai zuwa, kuma abin da zan nema a fara da shi shi ne zaɓen wakilan baƙin a kwamiti, da sanarwar neman ɗakuna da gonakin aro daga membobi, domin a sami gonakin kafin ruwa ya sauka. Malam, zan zo in same ka bayan sallar la'asar ranar Asabar mu duba maganar wasiƙar. Ranka ya daɗe lauya, idan akwai samfurin yarjejeniyar aron gona da ta zaman gida wadda manomi zai iya fahimta, da Hausa in zai yiwu, muna bukatarta, kuma ina so in san ko sa hannun mai unguwa ya wadatar ko sai an kai ta kotu an buga hatimi.